Kafin Ka Busa, a Auna Tsayinka: Jagorar Gwajin Ƙarfin Huhu

Cikin hunturun bara na raka kawuna wani asibiti domin a yi masa gwajin busa, wato gwajin nan da ake ba mutum bututu, ya cika ƙirjinsa da iska ya fesa ta da iya ƙarfinsa. Shekarunsa 60, ya daɗe yana aikin injin niƙa, tari kuma ya ƙi rabuwa da shi. Saurayin da ke kan na'urar ya tarbe mu da fara'a, ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, tsayinka nawa ne?" Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yaro, tun ina saurayi aka auna ni, ƙafa biyar da inci tara." Aka lissafa, aka shigar da santimita 175. Ya busa har idanunsa suka kaɗa suka yi ja, takarda ta fito da kashi 76 cikin 100.

Da muka kai wa likita takardar, sai ta fara duba samanta, sannan ta ɗago ta ƙare wa Kawu kallo. Ta ce, "Baba, don Allah a cire hula da takalmi a jingina da bangon nan." Aka auna, santimita 168. Aka gyara lambar a kwamfuta, Kawu bai sake busa ko sau ɗaya ba, sakamakon ya koma kashi 84. Tun daga ranar na ƙudiri aniyar rubuta wannan jagora, domin na ga da idona yadda santimita bakwai ke iya mayar da mutum majiyyaci a kan takarda, ko kuma su rufe ciwon da ke cin sa.

Me ya haɗa tsayi da huhu?

Huhu yana zaune ne cikin kejin haƙarƙari, girmansa kuma yana bin girman kejin. Dogon mutum ƙirjinsa ya fi tsawo, don haka iskar da yake ɗauka ta fi ta gajere, ko da dukansu lafiyarsu ƙalau. Wani likitan Ingila mai suna John Hutchinson ne ya fara tabbatar da haka a 1846, bayan ya auna mutum sama da 2,000 da na'urar da ya ƙera, wadda a yau ake kira sifiromita. Ya lura cewa a tsakanin masu tsayin ƙafa biyar zuwa shida, kowane inci ɗaya na ƙarin tsayi yana zuwa da ƙarin iska kimanin mililita 130. Har yau a kan wannan tubali ake gini.

Na'urar tana auna abubuwa da yawa, amma uku ne za ka riƙe. FVC shi ne jimillar iskar da ka iya fitarwa bayan ka cika ƙirji taf. FEV1 ita ce iskar da ta fita a daƙiƙar farko kaɗai. Na uku shi ne FEV1/FVC, wato kason da ya fita a daƙiƙar farko daga cikin jimillar. Biyun farko da lita ake rubuta su. To amma lita uku da yawa ce ko kaɗan? Babu amsa sai an san wa ya busa. Shi ya sa na'urar ke ɗaukar shekarunka da jinsinka da tsayinka, ta lissafa abin da ake sa ran lafiyayyen mutum irinka zai busa, sannan ta gwada naka da wannan ƙiyasi. Nauyin jiki ana rubuta shi, amma a yawancin ma'aunai ba ya cikin lissafin ƙiyasin.

Ga misali da tsohon ma'aunin Turai na 1993, wanda har yanzu yana cikin na'urori da yawa, kuma ana iya lissafa shi da biro. Ga namiji, a ninka tsayinsa na mita da 4.30, a cire shekarunsa da aka ninka da 0.029, a sake cire 2.49, abin da ya rage shi ne FEV1 da ake sa rai. Ɗauki maza biyu 'yan shekara 40. Mai tsayin mita 1.60 ana sa ran ya busa lita 3.23, mai mita 1.85 kuwa lita 4.31. Idan kowannensu ya busa lita 3, na farko ya sami kashi 93, na biyu kashi 70. Busa iri ɗaya, ɗaya a sallame shi, ɗaya a shiga bincike. A wannan ma'auni kowace santimita tana ɗauke da mililita 43 na FEV1 da kusan 58 na FVC ga maza, ga mata kuma kusan 40 da 44. Lissafin Kawu ke nan: a santimita 175 ana sa ran lita 3.30, a 168 ana sa ran 2.99, shi kuma ya busa 2.50.

Sabbin ma'aunai sun fi wannan zurfi, amma darasin bai canja ba. A ma'aunin 2012 na GLI, wata haɗakar masana awon huhu ta duniya, kuskuren kashi 1 cikin 100 a tsayi yana haifar da kuskuren sama da kashi 2 a ƙiyasin FEV1 da FVC. Wato kuskuren yana ninka kansa har da ɗoriya.

Mataki na farko: shirin gida

Ka tambayi likitan da ya tura ka ko za ka dakatar da inhelarka, wato maganin shaƙa na buɗe hanyoyin iska, kafin gwajin. Idan ana so a gano ko asma ce, galibi akan bar mai saurin aiki irin salbutamol na awa 4 zuwa 6, masu dogon aiki irin salmeterol ko formoterol na awa 24, tiotropium kuma awa 36 zuwa 48. Idan kuwa ana so a ga ko maganin yana yi maka aiki ne, za a ce ka ci gaba da shi. Kada ka yanke wa kanka wannan hukunci. Ba shan taba ko shisha aƙalla awa ɗaya kafin gwaji, ba aikin ƙarfi ko gudu a cikin wannan awar, kuma kada ka cika cikinka da tuwo ka taho. Sa tufafi masu sakewa, a sassauta tazuge ko bel.

Ka faɗa tun da wuri idan an yi maka aikin ido ko ka sami bugun zuciya a makon da ya wuce, ko an yi maka tiyata a ƙirji, ciki ko kai a cikin mako huɗu, ko kana tofar da jini, ko ana zargin tarin fuka. Mai tsohon ciki ma ta faɗa. Mai azumi ya sani cewa wani lokaci akan ba da inhela a tsakiyar gwajin, don haka ya nemi fatawa tun kafin ranar, ko ya roƙi a sa masa wata rana.

Sannan shekaru. Da yawa daga cikin iyayenmu ba su da takardar haihuwa, amsarsu ita ce "na kai hamsin da wani abu". A zauna a gida a lissafa da abin da suka tuna, kamar samun 'yancin kai a 1960, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. A ma'aunin da na kawo a sama, kuskuren shekara goma ya kai mililita 290, daidai da kuskuren kusan santimita bakwai.

Mataki na biyu: awon tsayi

Nan zan daɗe, domin nan ne ake yin sakaci. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai suka sabunta a 2019 ta ce a auna tsayi, a rubuta shi da santimita har da ɗigo ɗaya, kamar 168.4. Ba ta ce a tambayi mutum ba. Gani ya kori ji. Mutane sukan ƙara wa kansu tsayi ba da niyyar ƙarya ba, tsofaffi kuma sukan faɗi tsayin ƙuruciyarsu, alhali ƙashin baya yana tsukewa da shekaru. Lambar da ke kan katin shaida ko lasin tuƙi ma ba abin dogaro ba ce, sau da yawa faɗa aka yi aka rubuta.

Ga yadda awon kirki yake. A cire takalmi, har da silifa. Namiji ya cire hula ko rawani. Mace ta cire ɗankwali ko goggoro, in akwai acuci ko ribom da ya tara gashi a tsakiyar kai a kwance shi. Siririn hijabi da ya kwanta a kai ba ya ƙara wani abin kirki, abin da ke ƙarƙashinsa ne matsalar. 'Yar'uwa, kina da damar neman mace ta auna ki a bayan labule, kuma idan kin san ranar gwajinki, ki guji kitson da ke tashi sama irin shuku, ki yi wanda ya kwanta. Tudun gashi da ɗauri suna iya ƙara santimita uku zuwa biyar, mun kuma ga abin da wannan ke jawowa.

A tsaya a kan daɓe mai tauri wanda ya daidaita, ba kan kafet ko tabarma ba. Ƙafafu a haɗe, diddige a ƙasa, baya a jingine da sandar awo ko bango, gwiwoyi a miƙe. Kai kuma a kalli gaba sosai, ta yadda ƙasan ido da ramin kunne za su zo kan layi ɗaya. Mutane da yawa in an ce su miƙe sai su ɗaga haɓa sama, wannan yana sauke tsakiyar kai ya ɓata awon. Sai a sauko da allon awon ya taɓa tsakiyar kai, ya ɗan danne gashi, mai karantawa kuma ya kawo idonsa daidai lambar. In shi gajere ne kai dogo, ya taka wani abu ya hau. A auna sau biyu. In bambancin ya wuce rabin santimita, a yi na uku.

Sandar ƙarfen nan da ke haɗe da sikelin nauyi, wadda ake ja sama, takan lanƙwashe ko ta yi sako-sako idan ta tsufa, ba ta kuma da abin jingina baya. Ma'aunin da aka kafe a bango ya fi ta. Idan kana so ka tafi da lambarka tun daga gida, sami bango mai santsi, ka ɗora littafi mai tauri a kanka ya haɗu da bangon a miƙe, wani ya ja layi da fensir a ƙarƙashinsa, sannan a auna daga ƙasa da tef ɗin ƙarfe irin na kafintoci. Tef ɗin tela yana miƙewa da amfani, kuma yawancinsa a santimita 150 ya tsaya, sai an yi haɗi, a wurin haɗin kuwa kuskure ke shiga.

Akwai wani tarko a wurin juya ƙafa da inci zuwa santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya inci 12, wato santimita 30.48. Mai ƙafa 5 da inci 7 tsayinsa santimita 170.2 ne. Amma in wani ya rubuta 5.7 ya ninka da 30.48, zai sami 173.7, an yi wa mutum kyautar santimita uku da rabi da ba nasa ba.

Ka kuma sani cewa mutum ya fi tsayi da safe. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da zirga-zirgar yini, har a rasa santimita ɗaya ko fiye kafin dare. Wannan ba abin damuwa ba ne, illa dai mai maimaita gwaji ya yi ƙoƙarin zuwa a lokaci iri ɗaya. Wanda ya kai shekara 25, in an auna shi da kyau a wuri ɗaya, awon zai iya yi masa shekara guda. Yara da matasa kuwa kowane zuwa sai an sake.

Mataki na uku: idan mutum ba ya iya miƙewa

Wannan ya shafe mu sosai. Muna da masu doro da ƙusumbi, wasu tun haihuwa, wasu kuma tarin fuka ne ya ci musu ƙashin baya. Muna da waɗanda shan inna ya bari a keke, da waɗanda aka yanke wa ƙafa, da tsofaffin da baya ya rankwafa. Idan aka auna mai doro a tsaye aka shigar da abin da aka samu, na'ura za ta ɗauke shi gajeren mutum, ta rage abin da take jira daga gare shi, sai matsewar da doron ya yi wa huhunsa ta ɓuya. Abin da ake nema shi ne tsayin da zai kai da bayansa a miƙe yake.

Mafita tana cikin wani awo da kakanninmu suka sani tun kafin zuwan tef, wato gaba, wadda ake auna igiya da zurfin rijiya da ita. Mutum ya jingina da bango, ya ware hannuwansa biyu daidai kafaɗa, tafuka suna kallon gaba, a auna daga ƙarshen dogon yatsa na dama zuwa ƙarshen na hagu. Tsawon hannu ba ya raguwa da tsufa kamar yadda baya ke yi, shi ya sa ake dogaro da shi.

Sai dai gaba ba daidai take da tsayi ba, galibi ta fi shi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirjin nan suka fitar a 2005 ta ba da hanya mai sauƙi, a raba gaba da 1.06, wato mai gaba santimita 178 a ƙiyasta tsayinsa 168. Wasu ɗakunan gwaji suna raba ta maza da 1.03, ta mata da 1.01, wasu kuma suna da lissafi mai la'akari da shekaru da jinsi, wanda ya fi dacewa. Baƙar fatar Afirka hannuwanmu sukan fi tsawo idan an gwada da tsayinmu, don haka wanda ya ɗauki gabarmu ya shigar da ita kai tsaye a matsayin tsayi ya ƙara mana da yawa. Idan hannun ma ba ya miƙewa, kamar yaron da gaɓoɓinsa suka ƙage, ana auna ƙashin damtse na ƙasa, daga tsinin gwiwar hannu zuwa ƙullin ƙashin wuyan hannu na gefen ƙaramin yatsa, a duba jadawali. Ko wace hanya aka bi, a rubuta ta a kan takarda, a kuma maimaita ita ɗin a zuwa na gaba.

Mataki na huɗu: busawar kanta

A fara zagayawa bayi, musamman iyaye mata, domin ƙarfin busa yana iya sa fitsari ya kuɓuce. A tofar da goro ko cingam. Za ka zauna a kujera marar taya, baya a miƙe, ƙafafu a ƙasa, a maƙala maka abin toshe hanci. Ka kama bakin bututun da haƙora, leɓɓa su rufe shi ruf, harshe kada ya tare ramin. Ja iska da sauri har ƙirji ya ƙi karɓar ƙari, sannan ba tare da jira ba ka fesa ta gaba ɗaya kamar mai hura wutar da ke neman mutuwa, ka ci gaba da turawa ko da kana jin babu saura. Mai gwajin zai yi ta cewa "ci gaba, ci gaba", ka bi shi har iskar ta daina fita, abin da kan iya kai daƙiƙa 15. Daga nan sai ka sake ja ka cika ƙirji.

Ana bukatar busa uku masu kyau, kuma manyan biyun kada su bambanta da fiye da mililita 150. Ana iya maimaitawa har sau takwas. Jiri kaɗan ba baƙon abu ba ne, amma in ka ji ciwon ƙirji ko duhu na rufe maka ido, ka tsaya ka faɗa. Wanda ya katse busa da wuri FVC ɗinsa zai fito ƙasa, ya yi kama da mai ƙaramin huhu. In an ba ka salbutamol, yawanci shaƙa huɗu, za a jira minti 15 a sake gwajin.

Mataki na biyar: karanta takarda daga sama

Yi yadda likitar Kawu ta yi. Kafin idonka ya kai ga kowane kashi, duba sunanka, jinsi, shekaru ko ranar haihuwa, da tsayi. Tun kana ɗakin gwajin za ka yi wannan, kafin ka fita. In ka ga tsayin ba naka ba ne, ka ce cikin ladabi, "Malam, ina ganin tsayin nan bai yi daidai ba, a taimaka a sake auna ni." Ba sai ka sake busawa ba. Litocin da ka busa suna nan yadda suke, ƙiyasin kawai za a sake lissafawa a buga sabuwar takarda.

A wurin nan na sama za ka kuma ga sunan ma'aunin da aka gwada ka da shi, wani lokaci da launin fata ko asali. Wannan batu yana da tarihi mai nauyi. An daɗe ana rage wa baƙar fata kashi 10 zuwa 15 daga ƙiyasin Turawa. Ɗaya daga dalilan da ake bayarwa shi ne tsarin jiki: mutum biyu masu tsayi ɗaya, wanda ƙafafunsa suka fi tsawo gangar jikinsa ta fi gajarta, huhu kuwa a gangar jiki yake. Wannan gaskiya ne, amma bincike ya nuna bai bayyana dukan bambancin ba. Akwai rawar da talauci, ƙarancin abinci a yarinta, hayaƙin itacen girki da cututtukan ƙirji na ƙuruciya ke takawa. Tun a 1971 Femi-Pearse da Elebute suka wallafa awon numfashin lafiyayyun 'yan Najeriya, domin an gane da wuri cewa ma'aunin Turai bai zauna mana daidai ba. Ma'aunin GLI na 2012, wanda aka gina da bayanan mutum sama da 74,000 'yan shekara 3 zuwa 95, ya ware rukunin baƙar fata, amma daga baƙaƙen Amurka aka samo shi. A 2022 aka fitar da GLI Global wanda ba ya tambayar launin fata, a 2023 kuma ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a koma kansa.

Ra'ayina shi ne, rage ƙiyasi saboda launin fata yana da hatsarin mayar da illar talauci ta zama "daidai", a sallami mai ciwo a ce haka jinsinsa yake. Amma na yarda cewa ma'aunin da bai san jikinmu ba yana iya sa wa lafiyayye sunan ciwo. Abin da ke hannunka kai majiyyaci shi ne ka san da wane aka gwada ka, kada kuma ka kwatanta kashin da ka samu a asibitoci biyu sai ka tabbatar ma'auninsu ɗaya ne.

Mataki na shida: lambobin, bi da bi

Fara da FEV1/FVC. Wannan lamba ita ce tsayi bai cika taɓawa ba, domin abu biyu ne na jiki ɗaya aka raba da juna, dogo da gajere duk kusan wuri ɗaya suke faɗawa. Shekaru ne ke sauke ta a hankali. Idan ta yi ƙasa, alama ce ta ƙuncin hanyoyin iska, irin na asma ko cutar toshewar huhu ta COPD da taba da hayaƙin girki ke jawowa. Ga COPD, ana duba ko ta gaza 0.70 bayan an shaƙi magani. Don haka in an ce maka hanyoyin iskarka sun ƙuntata, kada ka ɗora laifin a kan tef. Kuskuren tsayi yana iya canja matakin tsananin da aka rubuta, amma da wuya ya ƙirƙiri toshewar da babu.

Sai FVC, inda kuskuren tsayi ya fi ɓarna. Idan FEV1/FVC lafiya lau amma FVC ya yi ƙasa, na'ura takan rubuta cewa akwai alamar takurewar huhu. Kafin hankalinka ya tashi, a tambayi abu uku: an auna tsayi daidai, an busa har ƙarshe, kuma wane ma'auni aka ɗauka? Ƙiba mai yawa ma tana rage FVC, domin tumbi yana tokare tantanin da ke ƙarƙashin huhu. In duk an kawar da waɗannan, to ana bukatar wani gwajin da ke auna dukan iskar da huhu ke ɗauka, domin gwajin busa shi kaɗai ba ya tabbatar da takurewa. Tabon tsohon tarin fuka, ƙurar dutse a huhun masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, da ciwon sikila duk suna iya kawo ta da gaske.

Game da kashi 80 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, masana sun daɗe suna sukar sa. Yana yawan sa wa tsofaffi da gajerun mutane ciwon da ba su da shi, ya kuma bar wasu matasa dogaye su wuce da nasu. Abin da ya fi shi shi ne layin da aka rubuta LLN, wato mafi ƙarancin abin da ake ɗauka lafiya ga mai tsayinka da shekarunka, inda kashi 5 cikin 100 kacal na lafiyayyu ke faɗawa ƙasa da shi. Wasu takardun suna nuna makin z, wato lambar da ke nuna nisan busarka daga matsakaicin lafiyayyu irinka. Wanda ya sauka ƙasa da -1.645 ya fita daga iyaka. Bisa ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin ƙirji ta 2022, daga nan zuwa -2.5 rauni ne kaɗan, zuwa -4 matsakaici, ƙasa da haka mai tsanani. GLI suna da shafin lissafi kyauta a intanet, inda za a shigar da shekaru da tsayi da litocin da aka busa a ga makin.

Gyaran tsayin Kawu bai kawar da tarinsa ba, likitar kuma ba ta sallame shi a kan kashi 84 ba. Ta tura shi hoton ƙirji da gwajin majina, ta kuma yi masa magana mai tsawo a kan ƙurar injin da rufe hanci. Amfanin gyaran shi ne an daina bin sawun matsalar da tef ya ƙirƙira, aka koma neman ta gaske.

Mataki na bakwai: gwaji na gaba

Ajiye kowace takarda, ka ɗauke ta hoto da waya, domin takardar wasu na'urori tana dishewa cikin 'yan watanni. Idan babba zai kwatanta bana da bara, litoci zai duba kafin kashi. Ƙarfin huhu yana kai ƙololuwa tsakanin shekara 20 da 25, daga baya FEV1 yakan riƙa sauka da kimanin mililita 25 zuwa 30 a shekara ga wanda ba ya shan taba. Dattijuwar da bayanta ke rankwafawa, in ana shigar da sabon tsayinta kowace shekara, kashi cikin 100 da take samu zai iya tsayawa wuri ɗaya ko ma ya hau alhali litocinta suna zubewa. Irin wannan ita ce ake koma wa awon gaba dominta.

Yara kuwa akasin haka ne. Litocinsu dole su riƙa hawa, don haka makin z ake bi. A shekarun balaga ƙafafu ne ke fara miƙewa, ƙirji ya biyo baya, sai ka ga yaro ya yi tsawo farat ɗaya makinsa ya ɗan sauka na wani lokaci ba tare da wani ciwo ba. Likitan yara ya san da wannan, amma sai an ba shi tsayin ranar, ba na zuwan da ya wuce ba.

Haka abin yake ga ƙaramin bututun nan na auna ƙarfin busa da masu asma ke ajiyewa a gida. Jadawalin da ke cikin kwalinsa da tsayi yake aiki, amma abin da ya fi amfani shi ne lambar mutum ta kansa mafi girma, wadda ake samu ta hanyar busawa safe da yamma na mako biyu a lokacin da ƙirji ke lafiya. Daga kashi 80 na wannan lamba zuwa sama, ana lafiya. Tsakanin 50 da 80, a bi tsarin ƙarin magani da likita ya rubuta. Ƙasa da 50, a shaƙi inhela a nufi asibiti ba jira. Ga yaro mai girma, wannan lamba tana tsufa da sauri. A sami wuri a jikin bango a riƙa ja masa layi da kwanan wata duk bayan wata shida, in layin ya hau da 'yan santimita a sake nemo sabuwar lambarsa, a kuma yi hakan kafin ƙurar hunturu ta sauko.